Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Majalisar Dokokin Jihar Filato: A Karanta Mana Lissafin Kuɗin Korona

Ranka ya daɗe Shugaban Majalisa, masu girma wakilanmu,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina yi muku sannu da aiki. Na san wani a cikinku zai ce me kuma ya tono maganar korona a wannan lokaci, ga kashe-kashe a Bokkos da Mangu da Barikin Ladi, ga mudun shinkafa ya gagari mai albashi balle mai neman na yau da gobe. Cutar ta lafa, takunkumin fuska ya ɓace daga kasuwa, Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta sauke matakin ta-ɓaci tun ranar 5 ga Mayun 2023. Duk gaskiya ne. Abin da bai wuce ba shi ne lissafi. A ƙarshen Afrilun 2025 Najeriya ta kammala biyan uwar bashin dala biliyan 3.4 da ta karɓa daga Asusun Ba da Lamuni na Duniya, IMF, a Afrilun 2020 da sunan yaƙi da annobar. Ranar da aka karɓo kuɗin, dala a farashin gwamnati ba ta kai naira 400 ba. Ranar da aka biya kason ƙarshe ta haura naira 1,500. Tunda da aljihunmu aka biya, ai ba rashin kunya ba ne mu tambayi me aka saya.

Ku na zaɓa na rubuta wa, ba Gidan Gwamnati da ke Rayfield ba, saboda tsarin mulki a hannunku ya danƙa wannan aiki. Sashe na 125 ya ce Babban Mai Binciken Kuɗi na jiha a gabanku zai ajiye rahotonsa. Sashe na 128 da na 129 sun ba ku ikon bincikar yadda aka kashe duk kuɗin da majalisa ta amince da shi, har ku kira kowane jami'i ya zo da takardu. Ga shi kuma gwamnati ta canja tun 2023, da yawanku ba ku kan waɗannan kujeru lokacin da aka yi kulle. Wannan dama ce. Wanda ba shi da hannu a rabo ya fi kowa sauƙin buɗe littafi. Sai dai ina roƙonku tun daga farko, kada a mai da abin farautar 'yan wata jam'iyya. In aka yi haka, za a yi mako biyu ana cacar baki a rediyo, a tashi ba a koyi komai ba.

Akwai wata magana da ta zauna a bakin mutane, wai gwamnati ba ta kashe komai ba a lokacin korona. Ni ban yarda da ita ba, kuma tana ɓata mana hujja. An kashe kuɗi, masu yawa ma. A daidai lokacin da farashin ɗanyen mai ya faɗi har aka sauke ma'aunin kasafin 2020 daga dala 57 zuwa 28 kan kowace ganga, gwamnatin tarayya ta fito da shirin farfaɗo da tattalin arziki na naira tiriliyan 2.3 ƙarƙashin kwamitin Mataimakin Shugaban Ƙasa Yemi Osinbajo. A cikinsa akwai naira biliyan 75 don ceto ƙananan sana'o'i, inda aka ce masu sana'ar hannu da direbobi za su sami naira 30,000 kowannensu. Babban Banki ya buɗe rancen naira biliyan 50 ga magidanta da ƙananan 'yan kasuwa, daga baya ya yi ta ƙara shi. Shugaba Buhari ya ba da umarnin fitar da tan 70,000 na hatsi daga rumbunan gwamnati, ya kuma ce a faɗaɗa rajistar marasa galihu daga gida miliyan 2.6 zuwa miliyan 3.6. Attajirai da bankuna, su Aliko Dangote da marigayi Herbert Wigwe, suka haɗu a ƙungiyar CACOVID suka ware kimanin naira biliyan 23 don sayen abincin gidaje miliyan 1.6. A Disambar 2020 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 750 na shirin NG-CARES na farfaɗo da magidanta da manoma da ƙananan sana'o'i daga illar korona, wanda aka tsara kowace jiha za ta iya cin gajiyar dala miliyan 20 daga ciki, kuma shi ma rance ne, ba kyauta ba.

Ku ɗauki guda ɗaya kawai ku auna. Shirin ayyuka 774,000 ya ce mutum dubu a kowace ƙaramar hukuma, naira 20,000 a wata har wata uku. Filato tana da ƙananan hukumomi 17. A takarda ke nan mutum 17,000 ne, kuɗinsu ya ɗan haura naira biliyan ɗaya. Su wane ne? Wace kwata suka yashe, wane titi suka share? Nawa ne aka biya su wata ukun cif? Shirin na tarayya ne, na sani, amma a jiha aka kafa kwamitin zaɓen mutanen, kuma 'yan mazaɓunku ne aka rubuta sunayensu.

To ga kuɗi a sama. A ƙasa fa? Wanda ya zauna a Jos a watan Afrilu da Mayun 2020 bai manta ba. Aka rufe gari da sunan feshi, sannan aka shiga tsarin a kulle kwanaki a buɗe kwanaki don mutane su yi cefane. Ranar da aka buɗe kuwa, cunkoson da ake gudu sai ya ninka a Taminus da Katako da Farin Gada, kowa yana rububin ya saya kafin a sake rufewa. Azumi ya kama a cikin wannan hali, Ista ma a gida aka yi ta. Mai albashi ya ji jiki amma ya san ƙarshen wata na zuwa. Ɗan dako, mai shayi, ɗan keke, mai wankin mota, mai tuyar ƙosai a bakin makaranta, waɗannan cinikin yau shi ne tuwon dare. Malaman makarantu masu zaman kansu, waɗanda Jos ke da su birjik, sun yi watanni ba ko kwabo, kuma kunya ta hana su shiga layin neman taimako. Manoman kabeji da karas da tumatir da dankalin Turawa, an ce motocin abinci ba sa cikin dokar hana zirga-zirga tsakanin jihohi, amma kayan gwari ba sa jiran a gama ciniki a shingen hanya. Wanda yunwa ta fito da shi kuma ya tarar da kotun tafi-da-gidanka tana jiransa da tara. Hukunci ya zo a kan lokaci, bai yi lattin ko awa ɗaya ba. Abinci ne ya yi latti.

Sai ranar Asabar, 24 ga Oktoban 2020. Dubban mutane suka afka wa rumbun ajiya a Bukuru, wasu suka hau sama suka ɓamɓare kwanon rufi, aka yi ta fita da buhuna a ka, a baro, a keke. Duniya ta kalli hoton. Gwamnati ta sake sanya dokar hana fita ta awa 24 a Jos ta Arewa da Jos ta Kudu. Ba na wanke wawaso, domin a cikin wannan rana da kwanakin da suka biyo baya an taɓa dukiyar da ba ta da alaƙa da tallafi, an cuci mutanen da ba su ji ba ba su gani ba, kuma mai ƙarfi ne ya kwashi buhu biyar, gwauruwa da tsoho suka koma hannu rabbana. Amma tambayar da ta fi ƙona rai ita ce, me abinci yake yi a sito wata shida bayan an kulle mutane a gida? An ba da amsoshi a lokacin. Ƙungiyar Gwamnonin Najeriya ta ce ba ɓoyewa aka yi ba, wani kason an ajiye shi ne don zagaye na biyu na cutar. CACOVID ta ce yawan kayan da aka yi oda ne ya sa kamfanoni suka kasa kawowa a kan lokaci. Mu ɗauka duk gaskiya suka faɗa. Ma'anarta dai ita ce, a lokacin da yunwa ta fi tsanani abincin bai iso ba, da ya iso kuma ba wanda ya fito ya ce wa jama'a ga adadin da ya zo, ga ranar da za a raba, ga unguwar da za a fara da ita. Shirun nan shi ya cire kwanon rufin.

Akwai abin da mutanen Jos suka lura da shi a ranar, har ana faɗinsa cikin raha mai ɗaci: a ƙofar rumbun nan ba wanda ya tambayi wani addininsa ko ƙabilarsa, har ɗora wa juna buhu ake yi. Ku riƙe wannan, domin a garinmu rabon kaya ba ƙaramin abu ba ne. A wani gari in tallafi bai kai unguwa ba, sai a zagi kansila a wuce. A nan kuwa, in bai kai Unguwar Rogo ba za a ce an kai Tudun Wada, in bai kai Kabong ba za a ce an juye a Gangare, ko da kuwa duka huɗun ba wanda ya ga ƙwayar shinkafa. Garin da ya ga rikice-rikicen 2001 da 2008 da 2010 bai kamata a bar shi da jita-jita a kan abinci ba. Takarda ɗaya da aka manna a ƙofar mai unguwa, da sunaye da adadi, ta fi motar sojoji kwantar da irin wannan zargi, kuma ta fi ta araha nesa ba kusa ba.

A ganina nan ne gizo yake saƙar. Ba kuɗi ne suka yi ƙaranci ba, hanyar da za su bi daga baitulmali zuwa ƙofar gida ce babu. Rajistar marasa galihu da aka dogara da ita an fi gina ta da talakan karkara a zuciya, alhali kulle talakan birni ya fi durƙusarwa, mutumin da jiya yana ciyar da gidansa da guminsa, bai taɓa shiga wani jerin mabuƙata ba. Da aka rasa sunansa, sai aka koma ga abin da aka saba: a ba shugaban jam'iyya na mazaɓa, a ba wane kaso, a ba wance kaso. Sauran shirye-shiryen kuma aka ce a cike fom a intanet, a kawo lambar BVN, tallafin albashi ma sai kamfani mai rajista. Ta yaya mai gyaran takalmi a Dilimi zai yi gogayya da mai kwamfuta a gabansa? Nan 'yan cike fom suka sami kasuwa, suna yankar kasonsu tun kuɗi bai shigo ba. Rancen Babban Banki kuwa, jama'a da dama sun karɓa a matsayin rabonsu na arzikin ƙasa, ba wanda ya zaunar da su ya ce bashi ne. Sai bayan shekaru suka wayi gari ana zare kuɗi daga asusunsu. Wanda ya ci bashi ya biya, ba musu, amma sanarwa da Hausa da Berom da Ngas da Tarok a gidan rediyon jiha tun ranar farko da ta rage wannan kuka.

Yanzu bari in zo kan abin da ya fi damuna, wanda ba a cika magana a kansa ba saboda ba ya ɗaukar hoto kamar buhu. Kuɗin annoba iri biyu ne. Akwai wanda ake ci ya ƙare a mako guda, akwai wanda ke zama ya yi wa mutane aiki bayan cutar ta tafi. Na biyun nake so ku bi sawunsa ɗaya bayan ɗaya. An yi ta shela a wanke hannu da sabulu a ruwa mai gudu, a unguwannin da 'yan ga-ruwa da rijiya ne famfonsu. Rijiyar burtsatse nawa aka haƙa da kuɗin korona, nawa ne ke ba da ruwa yau? An buɗe cibiyoyin killace masu cutar, an sayi gadaje da na'urori da motocin ɗaukar marasa lafiya. Ina suke? A Janairun 2021 shugaban ƙasa ya amince da naira biliyan 6.45 don kafa injinan samar da iskar oksijin a wurare 38 a faɗin ƙasa. Ku je da ƙafarku ku ga abin da ya iso Filato, ku ga ko yana aiki, domin oksijin ba na mai korona kaɗai ba ne. Jaririn da aka haifa bakwaini yana buƙatarsa, yaro mai ciwon haƙarƙari yana buƙatarsa, mace mai naƙuda da jini ya ɓalle mata haka.

Ma'aikatan lafiya kuma, abin kunya ne a tuna cewa annoba ta same mu likita a asibitin gwamnati yana karɓar naira 5,000 a wata a matsayin alawus na haɗari. Sai da likitoci masu neman ƙwarewa suka shiga yajin aiki a Yunin 2020, ana tsakiyar cutar, a kan wannan da kayan kare kai. Waɗanda suka tsaya a bakin aiki a lokacin, da yawa yanzu suna Ingila da Saudiyya da Kanada. A binciken da nake roƙo, a sa har da tambayar ko akwai nas ko mai shara ko direban motar asibiti na jiha da har yau yake bin alawus ɗinsa na wancan lokaci. In akwai, a biya shi kafin a yi maganar komai.

Ba duka ne ya lalace ba, kuma adalci ne a faɗa. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom, wadda ta girmi Najeriya mai 'yanci da shekaru masu yawa, ita ta karɓi gwajin korona tun a farkon annobar, ta hutar da mu da maƙwabtanmu jigilar samfuri zuwa Abuja. Me ya sa ta iya? Saboda ɗakin gwajin da ƙwararrun suna nan tun kafin cutar ta zo. Ba a fafe gora ranar tafiya. Abin da aka gina a lokacin lafiya shi ya yi aiki, abin da aka ƙirƙira cikin firgici shi ya ƙare a rumbun Bukuru. Allurar rigakafi ma ta nuna haka: kashin farko, kusan miliyan huɗu, ya sauka a Abuja ranar 2 ga Maris 2021, amma a Disambar wannan shekara sai da aka lalata sama da miliyan ɗaya da suka lalace, saboda an kawo su wa'adinsu ya kusa cika, ga kuma jama'ar da ta riga ta yanke ƙauna. Mutumin da ya ga an hana shi taliya, da wuya ya miƙa maka hannunsa ka yi masa allura kyauta.

Kuma mu a Jos ba mu da uzurin cewa annoba baƙuwa ce. A nan garin, a asibitin mishan da muke kira Jankwano, aka yi jinyar ma'aikatan jinya na farko da zazzaɓin Lassa ya kama a 1969, biyu suka rasu, a 1970 kuma cutar ta kashe likitar asibitin, Jeanette Troup. Har gobe Lassa tana dawowa duk rani. Kwalara tana zuwa da damina. Mashaƙo ya yi ɓarna a Arewa daga ƙarshen 2022. Wata za ta zo, ko da wane suna.

Abin da nake nema bai fi ƙarfinku ba. Kwamitin majalisa mai kula da asusun gwamnati ya kira zaman sauraron jama'a, a kawo lissafin duk abin da ya shigo jihar da sunan korona daga 2020: na tarayya, na CACOVID, gudummawar 'yan kasuwa da ƙungiyoyi, da na NG-CARES. Takardun suna nan, domin a 2020 jihohi sun yi wa kasafinsu kwaskwarima saboda annobar, kuma shirin Bankin Duniya na SFTAS ya ɗaura tallafinsa a kan wallafa bayanan kashe kuɗin korona da binciken su. NG-CARES ma tsarinsa shi ne jiha ta yi aiki, a tantance, sannan a mayar mata da kuɗi, ke nan akwai sunayen manoman da aka ba iri da taki da 'yan kasuwar da aka tallafa wa. Matsalar ita ce rahoton da aka loda a shafin intanet da Turancin akantoci bai isa kunnen mai sayar da masara a Kugiya ba. A warware shi ƙaramar hukuma bayan ƙaramar hukuma, mazaɓa bayan mazaɓa, a karanta a rediyo.

Bayan haka sai doka. Dokar killacewa da shugaban ƙasa ya dogara da ita ya rufe Abuja da Legas da Ogun a ƙarshen Maris 2020 ta 1926 ce, ta zamanin Turawa. Filato tana iya yin tata, wadda za ta ce duk gwamnan da zai kulle gari, a takardar da ya sa hannu a kan kullen a nan zai bayyana yadda za a ciyar da mutane da ranar da za a fara. Ta ƙayyade kwanakin da kayan agaji za su iya yi a sito kafin a raba ko a yi wa majalisa bayani. Ta wajabta rajistar gidaje a kowace mazaɓa, wadda mai unguwa da limami da fasto da shugabar mata da shugabannin 'yan kasuwa za su sa hannu tare, ana sabunta ta duk shekara, ana manna ta inda kowa zai gani ya ce wane ya rasu, wane ya tashi, wane kuma ɗan gidan kansila ne mai mota biyu. Za a ce mutane za su yi cuwa-cuwa. Za su gwada mana. Amma ƙarya a takardar da ke manne a bango ta fi wuyar rayuwa fiye da wadda ke cikin aljihun mutum ɗaya. Wannan rajista kuma ba sai annoba ba, ranar ambaliya ko ranar da rikici ya raba mutane da gidajensu ita za a ɗauko.

Sai kasafin lafiya. A 2001, a Abuja, shugabannin Afirka suka yi alkawarin ware kashi 15 cikin ɗari na kasafi ga lafiya. Duk shekara kasafin jiha ta hannunku yake bi. Kada ku tsaya a kan adadin da aka rubuta, ku tambayi nawa aka saki a zahiri, nawa ya isa ƙananan asibitocin mazaɓu, nawa aka zuba wa hukumar inshorar lafiya ta jiha, PLASCHEMA, don talakan da ba ya iya biyan kuɗin inshora. Tun bayan cire tallafin mai a 2023 kason da jihohi ke samu daga asusun tarayya ya ƙaru sosai, don haka amsar babu kuɗi ba za ta gamsar ba.

In kun sa ranar zaman, ku sanar da wuri, kada a yi shi a ɗakin otal da katin gayyata. A yi ɗaya a Jos, ɗaya a Pankshin, ɗaya a Shendam, a bar mutane su yi magana da harshen da suka iya, a kuma gayyaci ma'aikatan lafiya da malaman makarantu masu zaman kansu da shugabannin kasuwanni da sunan ƙungiyoyinsu. Mu da muke unguwanni za mu zo, kuma za mu taho da waɗanda aka rubuta sunayensu a 2020 suna jira har yau.

Allah ya yi muku jagora, ya ba jiharmu lafiya da zaman lafiya.

Naku,
Wani mazaunin Jos ta Arewa